Inna tana shimiyo, an kuma ɗora ta a kan maganin ciwon hanta: wanne ne ke wahalar da ita?

Tambaya daga Tawa: "Mahaifiyata tana da kansar nono. An fara mata shimiyo a Yamai, duk bayan sati uku muke komawa. Kafin a fara, analiz ya nuna tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, aka rubuta mata tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum. Tun da muka dawo gida take amai, bakinta ya yi gyambo, gashi ya fara zuba. Kawunnaina sun ce magani ne ya yi mata yawa, a ajiye na hantar tunda ba ta taɓa kukan hanta ba, a haɗa mata jiƙo. Ni ce ke jinyarta. Yaya zan yi?"

Ƙanwata, sannu da jinya. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya. Jinyar masu shimiyo, wato maganin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya, ita ce aikina, kuma maganar nan ta kawunnanki ba baƙuwa ba ce a kunnena. Tausayi ne ya sa suka faɗe ta, na sani, amma kada ki bi ta. Tenofobir ɗin nan ba za a ajiye shi ba ko na kwana ɗaya, sai in lokotoron da ya rubuta shi ne ya ce a ajiye.

Duk abin da kika lissafa, amai da gyambon baki da zubar gashi, aikin shimiyo ne. Maganin kansa yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, tunda haka ƙwayoyin kansa suke. To amma jikin mai lafiya ma yana da wuraren da ke sabunta kansu da sauri: saiwar gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon ƙashi inda ake yin jini. Su ne maganin ke taɓawa a kan hanyarsa. Ba ki faɗi sunan abin da ake ɗaura mata ba, amma ga kansar nono yawanci ana farawa da doksorubisin, wancan jan ruwan, haɗe da siklofosfamid, duk kwana 21, daga baya a koma paklitaksel ko dosetaksel. In kuwa jan ne, to abin da kike gani shi muke sa ran gani, har da fitsarin da ke yin ja kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗaura. Wannan launin maganin ne, ba jini ba.

Sai zancen hantar da ba ta taɓa ciwo ba. Ƙwayar nau'in B takan zauna a hantar mutum shekaru masu yawa ba tare da ya ji komai ba, domin garkuwar jikinsa ta danne ta. Garwashi ne a ƙarƙashin toka. Shimiyo yana raunana garkuwar, deksametazon da ake haɗawa da shi don hana amai ya ƙara raunana ta, sai ƙwayar ta samu sarari ta yi ta ninkuwa a ɓoye. Ɓarnar ba ta cika bayyana nan take ba. Tana zuwa ne lokacin da garkuwar ta farfaɗo, tsakanin zagaye da zagaye ko bayan an gama shimiyo gaba ɗaya, ta tarar da hanta cike da ƙwayar, ta far mata. A nan ne ido ke yin rawaya, a ce shawara ce, dole a dakatar da maganin kansar ana tsakiyar aiki, wani lokaci hantar ta gaza baki ɗaya. Wannan ne ya sa ake fara tenofobir kafin shimiyo ko tare da shi, a ci gaba da shi aƙalla wata 6 zuwa 12 bayan zagaye na ƙarshe. Wasu ma, gwargwadon abin da analiz ɗinsu ya nuna, shan sa suke har tsawon rai. Wanda ya fara sannan ya yanke shi kwatsam ya buɗe wa ƙwayar ƙofa a daidai lokacin da jiki ba shi da abin tare ta. Ki bayyana wa kawunnanki wannan cikin ladabi. In sun ƙi ji daga bakinki, ki tafi da babbansu ranar randebu ya ji daga bakin lokotoro.

Ba cewa nake tenofobir ba shi da nasa laifin ba. A satuttukan farko yakan kawo ɗan tashin zuciya, kumburin ciki ko ciwon kai, su wuce. Wurin da muke sa masa ido shi ne ƙoda, shi ya sa za ki ga ana yawan rubuta gwajin kireyatinin tare da na hanta. Ƙoda ba ta son jiki ya bushe, ga amai, ga zafin Tawa da ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. In aka ƙara mata da diklofenak ko ibuprofen, irin waɗanda ake saye a hannun masu yawo da magani don ciwon jiki, to an haɗa wa ƙodar abu uku a lokaci guda. Ki raba Inna da waɗannan biyun. Ta sha ƙwayar tenofobir ɗinta mai miligiram 300 sau ɗaya a rana, a lokaci guda, da ɗan abinci. Ki zaɓi lokacin da cikinta ya fi kwanciya. Ga mutane da yawa bayan sallar isha'i ne. In ta yi amai kafin awa ɗaya ta cika da shan ta, a ba ta wata. In awa ta wuce, ta riga ta shiga jiki. In an manta aka tuna kafin awa 12, ta sha. In ya wuce haka a jira na gaba, ba a haɗa biyu. Idan wata rana aka canza mata zuwa antekabir, wani maganin ciwon hanta nau'in B, saboda ƙoda, shi da cikin da babu abinci ake shan sa, awa biyu bayan ci, awa biyu kafin na gaba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali: zazzaɓi.

Daga rana ta 7 zuwa ta 14 bayan kowace ɗaurawa, fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, sukan faɗi ƙasa warwas. Abin da ke yaudarar mutane shi ne a daidai kwanakin nan amai ya lafa, mara lafiya ta fara cin tuwo, ta fito tsakar gida, kowa ya saki jiki. Alhali ƙwayar cutar da lafiyayye zai kwana da ita ya tashi garau, ita tana iya shiga jininta ta kwantar da ita cikin awoyi kaɗan. Mu kuma a nan duk zafin jiki palu ne. A aika yaro ya sayo maganin palu da parasetamol, zafi ya sauka, a ce alhamdu lillahi, a kwana. Wannan kwanan shi ne ke cin rai. Parasetamol yana ɓoye zafin ne kawai, cutar tana can tana aikinta.

Ki sayi ma'aunin zafi a farmasi, ba shi da tsada. Ki riƙa auna ta a hammata safe da yamma, da duk lokacin da ta ce tana jin sanyi. In ya kai 38, ko da tsakar dare ne, ko da tana hira tana dariya, ku tafi likita. Kada ki ce bari mu kama mota zuwa Yamai wajen masu maganinta. Tsakaninku da Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma zazzaɓin mai shimiyo ba ya jiran wannan tafiya. Ku nufi babban likitan jiha da ke nan Tawa. Da isarku, kafin doguwar gaisuwa, ki faɗa wa ma'aikacin da ya tarbe ku abu uku: tana shimiyo, yau kwana kaza da ɗaurawa, zafinta ya kai kaza. Ki miƙa takardar da ke ɗauke da sunayen magungunanta. Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne a ɗebi jini don NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, a gwada palu tunda shi ma yana iya kasancewa, sannan a sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da wuri, cikin awar farko in da hali. Ko gwajin palu ya nuna akwai, ki roƙa a duba fararen ƙwayoyin, domin biyun sukan haɗu a jiki ɗaya. Sai daga baya ki kira Yamai ki sanar.

Tsofaffi da masu shan deksametazon wani lokaci zafinsu ba ya hawa. Rawar sanyi, numfashi da sauri, magana ta rikice, barcin da ba a iya tashe ta daga shi, fitsari ya ɗauke tun safe: kowanne a cikinsu dalilin tafiya likita ne ko ma'auni ya ce 37. Haka ma haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi, baƙar bayan gida, ko ɗigo-ɗigon ja a fata, domin ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ma suna faɗuwa. Kada a sa mata komai ta dubura a kwanakin nan, ko ma'auni ko magani. Masu zuwa dubiya kuma, Allah Ya saka musu da alheri, amma mai tari da mura da yaro mai ƙyanda ko ƙuraje su tsaya daga ƙofa su yi addu'a. Ta kwana cikin gidan sauro kowane dare.

Amai kuwa ana rigan sa ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye maganin amai sai ta fara yunƙuri, lokacin da ba abin da zai zauna a ciki. Ki ba ta shi a kan lokacin da aka rubuta a ordonansi, musamman kwana uku zuwa biyar na farko, ko ba ta jin komai. Maganin amai mai suna ondansetron yana ɗaure ciki, ki lura da bayan gidanta. In duk da haka ta wuni ba abin da ya zauna, har ruwa, wannan na ƙarin ruwa ne a likita. Kuma ki faɗa wa lokotoro a zagaye na gaba, domin akwai abin da zai ƙara ko ya canza. Ba dole ba ne ta sha wannan wahalar kowane zagaye. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, wanda ya huce. Ƙamshin suya da hayaƙin murhu suna tayar da zuciya fiye da abincin kansa, a matsar da ita nesa da madafa. Kunun gero da aka dama yanzu, fate, romon kaza, dafaffen ƙwai, wake da ya dahu lugub, ayaba. Na san mutumin Adar da fura sai Allah, amma nonon da aka sayo a ƙwarya ba a tafasa madararsa ba, a dakata da shi. A dama mata da madarar da aka tafasa a gida ko yawur na rufaffen gwangwani. Latas da kopto na bakin hanya, kilishi da tsiren da suka wuni a waje, su ma su jira. Ruwan sha a tafasa. Tana bukatar lita biyu zuwa uku a rana in lokotoro bai hana ba, musamman kwana biyun farko, domin siklofosfamid in ya daɗe a mafitsara yana ƙona ta. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na farmasi. In ta wuce sau huɗu a rana ko ta zo da zazzaɓi, likita. Azumi kuwa, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, ta karɓi rangwamen.

Gyambon baki yakan fito tsakanin rana ta 5 da ta 10, ya warke da kansa in jini ya farfaɗo. Ki tafasa ruwa lita ɗaya, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bikarbonat na farmasi, ta riƙa kurkure baki bayan kowane abinci da kafin barci, ki sake haɗa sabo kowace safiya. Asuwaki mai tauri yana fasa dasashi, a nemo burushi mai laushi irin na yara. Yaji, lemun tsami, tsamiya, goro da shayi mai zafi su dakata. Ki haska bakinta da fitilar waya kowace rana, ki duba harshe da cikin kumatu. In kin ga fari-fari kamar gudajin madara ya manne, wannan cuta ce dabam da ke da maganinta, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Ƙuraje masu ruwa a leɓe, ko waɗanda suka jeru a gefe ɗaya na jiki suna zafi kamar wuta, su ma a kai ta da wuri: maganinsu, asiklobir, ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku, kuma shi ma yana son ruwa da yawa saboda ƙoda.

Ranar ɗaurawa ki zauna kusa da hannunta. Jan maganin nan in ya zame daga jijiya ya shiga nama, yana cin wurin, ya bar gyambon da ke ɗaukar watanni. Iyayenmu mata suna da kawaici. Za ta ji zafi ta yi shiru don kada ta dami ma'aikata. Ki gaya mata tun a gida cewa da ta ji zafi, ƙuna ko kumburi a wurin allurar ta yi magana nan take, ke kuma ki kira ma'aikaciya a tsayar da ruwan. Kada a sa mata lalle a hannu a watannin nan, domin yana ɓoye jijiya, yana ɓoye jan da muke dubawa. In an riga an yi mata aiki an cire kaluluwar hammata, hannun wannan gefen a kiyaye shi daga allura da awon hawan jini. Idan aka zo kan paklitaksel, mintocin farko ne ake tsaro, saboda wasu jikinsu yana ƙin sa, fuska ta yi ja, ƙirji ya toshe. Daga baya kuma yakan kawo ciwon gaɓoɓi da dindiris a yatsu. Ranar da kika ga ta kasa jan carbi ko takalmi yana zame mata ba ta ji ba, ki faɗa kafin a sake ɗaurawa, a rage awo tun jijiyar ba ta lalace ba.

Gashi zai zube, yawanci daga sati na biyu zuwa na uku, kuma zai dawo bayan an gama. A kwance kitso, a rage shi da almakashi, ba da reza ba. Ta samu kallabi mai laushi. Kada ki raina abin da wannan ke yi wa zuciyar mace, ko da ta ce ba komai.

Jiƙo da sassaƙe da tsimi, a'a. Hanta ce ke tace su, ita ce ke tace shimiyo, ga kuma ƙwayar B a zaune cikinta. Ba wanda ya san awon abin da ke cikin ƙwaryar jiƙo, kuma in lambobin hanta suka hau, lokotoro zai rasa gane ko ƙwayar ce ta tashi, ko shimiyo ne, ko sassaƙen. Addu'a da tofi ba wanda zai hana, a yawaita ma. In rubutu za ta sha, a wanke allon da tafasasshen ruwa. Ki riƙa duba farin idonta da rana a waje, ba a cikin ɗaki ba. Ido rawaya, fitsari mai duhu kamar shayi bayan kwanakin jan maganin sun wuce, bayan gida fari, ƙaiƙayin jiki, ciki ya kumbura, ko barcin rana da ruɗewa: wannan hanta ce ke magana, a tafi ranar.

Ke ma akwai naki. Kansa ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, ku ci a kwano ɗaya, jikoki su zauna kusa da ita. Sai dai kwana biyu bayan ɗaurawa maganin yana fita ta fitsari da amai da bayan gida, don haka ki sa safar hannu in za ki kwashe, ki wanke tufafin da suka ɓaci dabam, a zuba ruwa sosai a makewayi. Mai ciki kada ta yi wannan aikin. Ciwon hanta nau'in B shi ma ba ya bin kwano ko gaisuwa. Ta jini yake bi, da saduwar aure, da haihuwa. A ƙasashenmu yawancin masu shi tun suna jarirai ko ƙanana suka ɗauka. Ma'ana ke da duk waɗanda Inna ta haifa, da Baba, ku je a yi muku gwajin AgHBs, gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar. Wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, wanda ke da shi a fara bibiyarsa tun hanta tana lafiya. Reza, abin yanke farce da burushi, kowa da nasa.

Ga wanda ke karanta wannan alhali nasa mara lafiyan maganin sida yake sha tare da shimiyo, hukuncin ɗaya ne: ba a yankewa. Ƙwayar nan guda da ta haɗa tenofobir, lamibudin da dolutegrabir, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019, ba ta cika faɗa da magungunan kansa ba, tana kuma danne ƙwayar B. In tana hana barci a mayar da ita safe, kuma a raba lokacinta da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da maganin gyambon ciki, domin suna hana ta shiga jiki: a sha ta awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Mai shan zidobudin ko ritonabir kuwa dole lokotoron kansa ya sani tun kafin ɗaurawar farko, saboda na farkon yana ƙara faɗuwar jini, na biyun yana sa wasu magungunan kansa su taru a jiki. Kunya kada ta sa a ɓoye wa mai magani.

Ki sayi kaye guda ki keɓe wa Inna. Kowace rana layi ɗaya: kwana nawa da ɗaurawa, zafin safe da na yamma, amai sau nawa, ta sha ƙwayarta ko ba ta sha ba, me ta ci. A bangon ki rubuta sunayen magungunan da lambar wayar sashen da ke kula da ita. Lokotoro a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, ko duk inda ake ganin ta a Yamai, mutane ne jere a ƙofarsa. Minti biyu da wannan kaye sun fi masa amfani a kan "da sauƙi" da za ta ce in ya tambaye ta jiki. Ki tambaye shi kuma ko zai yarda ku riƙa yin NFS a Tawa kwana ɗaya ko biyu kafin randebu ku karanta masa ta waya. Sau da yawa in fararen ƙwayoyin da ake kira nitrofil ba su kai 1,500 ba, ko masu daskarar da jini ba su kai 100,000 ba, ɗage ɗaurawar ake yi da kamar sati guda, kuma gara ku ji haka kuna gida da ku ji bayan kun biya kuɗin mota kun wuni a hanya. Ɗagewar ba alamar magani ya ƙi ba ce. Kafin ku baro Yamai ki ƙirga tenofobir ɗin da ya rage, ki tabbata zai kai ku randebu na gaba har da rarar sati ɗaya, ki ajiye shi a rufe cikin kwalbarsa, inda rana ba ta kaiwa.